Kwana Biyun Farko Bayan An Kama Mutum a Zanga-Zanga

Assalamu alaikum. Jama'a, yau zan tsaya ne a kan awa 48 na farko bayan kamu, domin galibi a nan shari'a take gyaruwa ko ta lalace, tun ba a ga fuskar alƙali ba.

Sashe na 21 na yarjejeniyar duniya kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa ta 1966 ya tabbatar da 'yancin taruwa cikin lumana. A 2020 Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi sharhi a kansa, ya ce rashin sanar da hukuma kaɗai ba ya mai da halartar taro laifi, ɓarnar da wasu tsiraru suka yi ba a ɗora wa sauran, kuma kamun kan mai uwa da wabi ya saɓa wa doka. Kowace ƙasa da nata tsarin, amma wadda ta amince da yarjejeniyar da wannan ake auna ta.

To, an riƙe ka. Kada ka fizge, kada ka gudu, ko da kana da gaskiya, don turjiya tuhuma ce mai zaman kanta, kuma ta fi sauƙin tabbatarwa. Ka bar hannuwanka a fili, ka tambaya: "Kama ni aka yi? Da wane laifi?" Sashe na 9 ya wajabta a gaya maka dalili nan take. Ka ɗaga murya ka faɗi sunanka don na kusa su ji. Lambar lauya ko ta ɗan'uwa kuwa, a rubuta ta a damtse tun daga gida, saboda waya ce abu na farko da ake karɓewa.

Ina roƙonku ku saurari wannan da kyau, nan ne aka fi yin asara. A caji ofis ka ba da sunanka da adireshinka, sauran ka ce sai lauyanka ya zo. Sashe na 14 ya hana a tilasta wa mutum ba da shaida a kan kansa. Za a ce maka, "Sa hannu kawai ka tafi gida." Mutum ya gaji, ga yunwa, ga hayaƙi mai sa hawaye bai gama fita daga idonsa ba, sai ya dangwala. Daga baya a karanta a kotu, a ji "mun fasa shago" a inda ya ce "na ga an fasa shago". Kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba, ko wanda aka rubuta da harshen da ba ka ji. Ka nemi tafinta. In ka yarda ka rubuta jawabi a gaban lauya, ka ja layi a duk sararin da ya rage a takardar, kar a cike shi bayanka. Hira da abokan tsare ma a taƙaita ta.

Iyali su ma suna da aiki. Su rubuta lokacin kamu, da wurin, da lambar motar, da ofishin da aka kai shi, su kuma tabbatar an shigar da sunansa a rajistar tsararru. Wanda ba a rubuta ba, shi ake sauya wa wuri a ce ba a san da shi ba. A sharhinsa na 2014, kwamitin ya ce awa 48 sun isa a gurfanar da mutum, yaro kuwa awa 24, kuma daga lokacin kamu ake ƙirga su. Da wa'adin ya cika, lauya ya shigar da ƙarar neman a kawo shi gaban alƙali a bayyana hujjar tsarewar.

In an doke shi, a nemi likita ya rubuta rahoto kafin kumburi ya saɓe, a ɗauki hoton raunin da ma'auni a gefensa. Sashe na 15 na yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 ya hana kotu karɓar ikirarin da aka samo da azaba, amma a gaya wa alƙali tun zaman farko.

A kotu, kada a amsa laifi don a samu a fita da wuri. Hukuncin zai bi mutum wajen neman aiki da biza. A nemi beli, a zo da masu tsayawa da takardun shaidarsu a hannu. Sau da yawa akan haɗa mutane da dama a takardar tuhuma guda, aikin lauya shi ne ya warware su ɗaya bayan ɗaya: wa ya ga wannan, da ƙarfe nawa, yana yin me? Bidiyo na taimakawa ƙwarai, sai dai a adana na asali a wayar da ta ɗauke shi, domin wanda aka tura ta WhatsApp yakan rasa bayanan lokaci da wuri, mai gabatar da ƙara ya samu ƙofar musanta shi.