Kifin da Ba Ya Cin Mushe: Hira Kan Ciyar da Mandarin a Sakkwato

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan birnin Shehu. Yau ina tare da Malam, wanda ya daɗe yana ƙyanƙyasar tarwada a kusa da Kwalkwalawa, da kuma Hajiya, wadda take kiwon kifayen teku a akwatin gilashi cikin falonta. Hajiya, kin ce akwai kifin da yunwa ta kusa kashe miki alhali abinci yana yawo a kansa. Yaya aka yi haka?

Hajiya: Wa alaikumus salam. Kifin shi ne mandarin, ɗan ƙarami ne da ba ya wuce santimita 8, asalinsa yammacin tekun Fasifik, daga tsibiran Ryukyu na Japan har zuwa Ostareliya. Launinsa shuɗi da ruwan lemo ya ruɗe ni, na saya ba tare da bincike ba. Duk abincin da na zuba, sauran kifaye sukan cafke shi tun yana sama, shi kuwa yana can ƙasa yana bin duwatsu yana tsattsaga da ɗan bakinsa kamar kaza a juji. Ko abincin ya sauka gabansa ba ya kallonsa, domin abin da ba ya motsi ba abinci ba ne a wurinsa. Bayan 'yan makonni sai na ga cikinsa ya lotsa.

Mai gabatarwa: To me yake tsattsaga a jikin duwatsun?

Hajiya: Wasu ƙananan halittu ne dangin jatan lande da ake kira kofifod, waɗanda yawancinsu ba su wuce milimita 1 ko 2 ba. Su yake tsinta ɗaya bayan ɗaya tun safe har dare. Akwatina sabo ne a lokacin, bai cika wata biyu ba, saboda haka cikin kwanaki kaɗan ya cinye ɗan abin da ke ciki.

Malam: Hajiya, da kin tambaye ni tun farko da na ce miki ki yi haƙuri akwatin ya kai wata shida zuwa shekara, halittun nan su yi zuriya a cikin duwatsu. Amma da kika zo, abin da ke hannuna shi na ba ki, wato ƙwan atimiya, wata 'yar ƙaramar halittar ruwan gishiri dangin jatan lande, da muke ciyar da 'ya'yan tarwada a kwanakinsu na farko. Da yawansa daga babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka ake kwaso shi, a busar, a zuba a gwangwani. Ana sa shi a gorar ruwa da gishiri kimanin giram 25 zuwa 30 a kowace lita, a saka tiyon iska da fitila, kuma idan ɗumin ruwan ya kai digiri 28 sai ya ƙyanƙyashe cikin awa 24. Wannan dai wuri ɗaya ne da zafin Sakkwato yake yi mana rana.

Mai gabatarwa: Ke nan magana ta ƙare, Malam?

Malam: Ina fa! Amfanin ɗan atimiya yana cikin gwaiduwar da ya fito da ita, kuma shi ma ita yake ci, don haka idan ya kwana ya wuni sai ya zama kusan holoƙo. Dole a bayar da shi yana sabo, a kuma raba shi da ɓawonsa: a kashe iska, ɓawon ya taso sama, 'ya'yan su taru wajen haske, sannan a zuƙe su.

Hajiya: Isar da shi ƙasa ma wani aiki ne. Nakan kashe famfon da ke juya ruwan akwatin, in ɗebo su da sirinji mai dogon bututu, in zuba a cikin ƙaramar kwalba da na kwantar a kan yashi, wadda bakinta ya ishi mandarin shiga amma manyan kifaye ba sa iyawa. Ya ɗauki kwanaki kafin ya gane wurin, yanzu kuwa da ya ga bututun yake nufar kwalbar. Sai dai a ganina atimiya agajin gaggawa ne kawai. Abin da ya dawo masa da jiki shi ne ƙaramin akwati na biyu da na haɗa da babban, na cika shi da gansakukar teku, inda kofifod suke hayayyafa ba mai cinsu, ruwa kuma yana kwaso wasu zuwa wurin kifin.

Mai gabatarwa: Watan Afrilu fa, da zafi yake haura digiri 40?

Hajiya: Nan ne tashin hankalin. Ruwan yana son zama tsakanin digiri 24 da 27, kuma idan ya ƙafe gishirin ba ya tafiya da shi, saboda haka ruwa tatacce mara gishiri ake ƙarawa don a tsaya a giram 35 cikin lita. Wata rana wuta ta ɗauke tun hantsi, batirin sola ya gaza, gorar atimiyata ta mutu gaba ɗaya har ta fara wari.

Malam: Shi ya sa na ce ki riƙa kafa gora biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kuma ki sayi ɗan injin iska mai batir irin wanda nake ɗaukar 'ya'yan tarwada da shi zuwa Goronyo.

Hajiya: Na saya, Malam. Gora ta biyun ce har yanzu nake mantawa da ita.