An Ce Mu Faɗi Ra'ayinmu, To da Wane Harshe?

Laminu: Salamu alaikum jama'ar Maraɗi da kewaye. Salisu, ka kunna? To madalla. Tun Litinin guruf ɗinmu na WhatsApp bai huta ba, kowa sai turo takardar tambayoyin nan yake, wadda ake neman ra'ayin jama'a kan yadda za a gyara ayyukan gwamnati na intanet. Hajiya Rabi, kin cika?

Rabi: Na fara, Malam Laminu. Ina shafi na uku rezo ya ɗauke, da ya dawo sai aka maido ni farko. Ga tukunya bisa wuta, na aje wayar.

Laminu: Ni na cika har ƙarshe, kuma wallahi na ji daɗi da aka ce mu yi magana. Amma daga sama har ƙasa Faransanci ne. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasarmu Nijar ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. To in tambaya ta zo da Faransanci, wa zai amsa? Ni da ku, da ma'aikata, da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Mu da ko ba intanet mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Salisu: Yaya, ai ɗalibai ma suna shan wuya.

Laminu: Suna sha, ban musa ba. Amma bari in ba ku labarin gwaggona. Tana wani ƙauye bayan Tasawa. Jikanta nan Maraɗi aka haife shi, zai yi jarrabawa, aka ce sai da kwafin takardar haihuwa. Ta shigo mota da asuba, ta ƙulle tsohuwar takardar cikin leda, ta naɗe a bakin zane. Muka je wani biro, aka ce mai sa hannu ya fita. Washegari aka ce babu tambur, a je a sayo. Rana ta uku muka samu. Kwana biyu a gidana, ta bar awakinta hannun maƙwabta, kuɗin mota da na kabu-kabu sun ci mata jika shida, a kan takarda guda. Wannan matar ita ya kamata a zauna a tambaya. Ita ta san inda ke mata ciwo.

Rabi: Kuma da an tambaye ta, ba za ta ce a ƙawata shafi ba. Cewa za ta yi a gaya mata tun tana gida: me zan kawo, nawa ne, wace rana.

Laminu: Shi ke nan! Abu uku.

Salisu: Amma an kafa hukumar ANSI a Yamai, ta harkar intanet ta gwamnati, don wannan aikin. Su aka ba shirin Niger 2.0 na bunƙasa fasahar zamani, da na kai intanet ƙauyuka. Ba wai ba a fara komai ba ne.

Laminu: An fara, Allah ya taimaka. Ni dai cewa nake, mutanenmu ba tsoron waya suke ba. Je ka bakin Nita ko Amana ranar kasuwa ka ga tsofaffi suna karɓar kuɗin da 'ya'yansu suka aiko daga Agadas ko Legas. Gwaggon nan tawa ba ta karatu, amma saƙon murya take turo mini kullum, minti huɗu, har da gaisuwar kaji. To a ba da lamba, kowa ya danna ya faɗi nasa da Hausa, ko Fulatanci, ko Tamashek. A buɗe layi a gidajen rediyo irin su Anfani. A tura matasa da waya kasuwar Dakoro, ta Mayahi, ta Madarunfa.

Rabi: Mata kuma a same su wajen awo, ko ranar zubin adashi. Can ne bakinsu ke buɗewa, ba gaban maza a taro ba. Ga ma saƙo daga wata mai sauraro a Zariya: wai a fara gyara sunaye kafin a zuba su cikin kwamfuta.

Salisu: Kai, ta taɓo babba! Abokina Mahamadu ne a takardar haihuwa, Mamadu a takardar makaranta, Mohamed a katin ɗan ƙasa.

Rabi: A gida fa?

Salisu: Ɗan Tani.

Laminu: To ka ji. Ni na ga Salisu da "ou", na ga mai "s" biyu, na ga wanda aka mayar Salifu ɗungurungum.

Rabi: Rabi, Rabiyatu, Rabi'a. Ƙanwata Hadiza ta zama Hadizatu ranar da za ta yi fasfo, sai da aka je kotu.

Salisu: Ga kuma iyayenmu masu "ne ver", wajen shekara kaza. Kwamfuta rana da wata take so.

Laminu: Shi ya sa za ka ga rabin unguwa 1 ga Janairu aka haife su.

Rabi: Babanmu ma.

Salisu: Da kawuna biyu, da limaminmu.

Laminu: Kuma abin ba na wasa ba ne. Ma'aikaci in ya gan ka ido da ido zai gane Mamadu shi ne Mahamadu. Na'ura harafi ɗaya ya bambanta ta rufe ƙofa, ba wanda za ka yi wa bayani. Ban ga inda aka tambayi wannan ba a takardar da na cika. Haka maganar wuta. Kun tuna Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana lantarki? Layi ake wajen mai cajin waya. Duk abin da za a gina, a gina shi yadda ƙaramar waya mai maɓalli za ta iya, ba sai babba mai cin forfe, wato data, ba.

Salisu: Yaya, mun ce za mu rufe da shawarwari biyar, ga shi an fara kiran la'asar.

Laminu: Guda ɗaya to. In an tattara, a dawo a gaya mana abin da aka ji da abin da za a yi, a rediyo, da Hausa. Sauran huɗun...

Rabi: Mako mai zuwa. Ku turo saƙon murya, musamman masu matsalar suna.

Laminu: Kashe, Salisu, mu samu jam'i.