Jawabi Kan Lambar Yabo Ga Ɗalibai Masu Binciken Halayyar Ɗan Adam A Harkar Shari'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, ranka ya daɗe. Iyayenmu dattawa, malamai, iyayenmu mata, da ɗalibanmu da suka cika kujerun baya, barkanmu da wannan zama.

Kwamitin ilimi ya ɗora mana nauyin bayyana yadda za a fitar da gwani a lambar yabon da ƙungiya za ta riƙa bayarwa. Fannin da aka zaɓa shi ne wanda ke bin diddigin ko shaida ya tuna abin da ya gani daidai, da abin da ke sa mutum ya amsa laifin da bai aikata ba, da yadda ake yi wa ƙaramin yaro tambaya ba tare da an sa masa magana a baki ba.

A 1974 masu binciken halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Waɗanda aka ce musu motocin sun yi kaca-kaca sun ƙiyasta sama da mil 40 a awa, waɗanda aka ce musu sun bugi juna suka ce mil 34. A gwaji na biyu da wasu ɗalibai, mako guda bayan kallon fim ɗin, aka tambaya ko sun ga fasasshen gilashi. Mutum 16 cikin 50 na rukunin farko suka ce sun gani, 7 cikin 50 a ɗaya rukunin. Babu gilashi ko ƙwaya a fim ɗin. Kalma ɗaya aka canza, sauran komai iri ɗaya ne, shi ya sa aikin ya yi nauyi. Irin wannan tsafta muke nema, don haka maki 40 cikin 100 na tsarin bincike ne.

A nan alƙalai za su duba mutum nawa aka gwada, da ko ƙuri'a ce ta raba su rukuni-rukuni ko ɗalibin ne ya zaɓa da hannunsa. Za su duba ko an rubuta hasashe kafin a tattara bayanai. Inda ake yawan zamewa ke nan: ɗalibi ya gwada abu goma, ɗaya ya fito, sai ya rubuta kamar shi ya nufa tun farko. Idan hirarraki aka tantance, dole mutum biyu su tantance kowa a gefensa, a nuna gwargwadon yadda suka dace. Kada alƙali ya ruɗu da sakamako mai ƙyalli. Bitar da masu bincike Bond da DePaulo suka yi a 2006 ta nuna mutane na rarrabe ƙarya da gaskiya daidai kashi 54 cikin 100 kacal, kusan daidai da cinke. Wanda ya zo da mutum ashirin ya ce ya gano alamar maƙaryaci a ƙiftawar ido, to a sa masa ido shi ma. Kuma a 2015, da aka maimaita bincike 100 na ilimin halayya, waɗanda suka sake ba da sakamako mai ƙarfi ba su kai kashi 40 ba.

Maki 20 na tambayar da binciken ke son amsawa ne, ko za ta amfani kotu ko ɗan sanda. Ɗalibanmu masu harshe biyu suna da gona a nan. Bahaushe zai ce wa mai bincike "ɗan'uwana ne", tafinta ya fassara da kalmar da ke nufin uwa ɗaya uba ɗaya, daga baya a gano ɗan baffa ne, a rubuta cewa shaida ya yi ƙarya. Maki 20 kuma na faɗin iyakar aiki ne. Wanda ya gwada ɗaliban jami'a kaɗai ya faɗa, kada ya shafa wa fursunoni. Sauran 20 na bayani ne a minti goma, yadda Hajiya da ba ta karanta fannin ba za ta fahimta.

Takardar amincewar kwamitin ɗa'a na jami'a ba ta da maki, sharaɗi ce. Babu ita, ba a buɗe aikin. Haka idan sunan wanda ake tuhuma ko wanda aka zalunta ya fito a ciki.

Saura maganar sanayya, don a nan kowa ya san ɗan kowa. Sakatare zai cire suna da jami'a daga kowane aiki, ya sa lamba. Alƙalai uku ne, ɗaya daga wajen ƙungiya, kowa ya ba da makinsa a rufe kafin su haɗu. Idan tazarar biyu ta wuce maki 15, a kira na huɗu. Wanda ɗansa ko ɗalibinsa ke ciki ya janye a shekarar. Wanda bai ci ba za a ba shi shafi ɗaya na gyare-gyare.

Masu digirin da za su iya alƙalanci su ga sakatare bayan an tashi. Na gode, wassalamu alaikum.