Ina Duba-Gari Ya Shiga? Lacca Kan Aikin Ƙaramar Hukuma

(An rubuto wannan daga faifan laccar da wani tsohon ma'aikacin sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya yi wa matasa da ɗalibai a Gumel. An bar maganar yadda ta fito daga bakinsa.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe wakilin hakimi, malamaina, iyayena da ke gaba, 'ya'yana da ƙannena da ke baya, barkanmu da yamma. Na can baya kuna ji? To, a ɗan ƙara wa lasifikar nan murya, don ni tawa ta tsufa.

An ce in yi magana kan aikin ƙaramar hukuma, na kuma kasa maganar gida 5: asalinta, tsafta, kasuwa da tasha, makaranta da asibiti, sai kuɗi. In Allah ya yarda kafin magariba mun gama.

Na farko, asali. Iyayenmu En'e suka sani, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa. Ita ke da baitulmali, ita ke da alƙalai da gidan yari da 'yan doka, ita ke karɓar haraji da jangali, sarki kuma shi ne kanta. A 1976, zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka yi gyaran da ya mai da tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, aka fito da guda 301. Babangida ya ƙara, Abacha ya ƙara a 1996, shi ne muka tsaya a 774. Mu nan Jigawa 27 gare mu, Kano 44, Katsina 34. Masarautar nan tamu kaɗai guda 4 ce: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Haraji da jangali kuwa, su Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a tsohuwar Kano da tsohuwar Kaduna bayan sun hau mulki a 1979, lokacin mu ma Kanawa ne. Talaka ya sha iska, ba musu. Amma ku riƙe wannan, daga ranar da hukuma ta daina zuwa ƙofar gidanka neman kuɗi, kai ma ka rage zuwa ƙofarta neman bayani. Zan dawo kansa in lokaci ya bari.

To mene ne aikinta? Ba sai mun yi gardama ba, a rubuce yake. Ku buɗe kundin tsarin mulki na 1999, ku je jadawali na 4, shafi ɗaya da 'yan kai ne. Maƙabarta. Mayanka. Kasuwa da tashar mota. Bayan gida na jama'a. Kwashe shara. Magudanan ruwa da fitilun titi. Sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba. Rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Kula da gidajen abinci, gidajen burodi, har da wurin wanki da guga. Har lasin keke da baro da amalanke da kwalekwale yana ciki. Wa ya zo da keke yau? Kai ɗan samari, ina lasinka? (dariya) Zauna, zauna, na yi ritaya.

Kun lura duk cikin lissafin nan babu abin da ake yanka ƙyalle a buɗe da kiɗa? Shi ya sa ciyaman ya fi son ya gina ƙofar sakatariya mai tsawo ya shafa mata fenti, don ita ake ɗauka hoto. Wa zai ɗauki hoton kwata da aka yashe?

Wannan ya kawo ni na biyu, tsafta, kuma a nan ku yi min haƙuri, gonata ce.

Ku yaran yanzu ba ku san duba-gari ba. Ku tambayi kakanninku mata, za ku ga fuskarsu ta canza. Mutum ne sanye da kaki, da littafinsa, da tocila, da ludayi mai dogon hannu. Tun zamanin Turawa ake horar da su a makarantar koyon tsafta ta Kano, wadda har yau tana nan. Da hantsi zai shigo unguwa, yara su ruga da gudu suna cewa ga duba-gari nan, ga duba-gari nan. Kan ka ce kwabo tsintsiya ta tashi a kowane gida. Ba ya faɗa wa gidan mutane haka kawai. Da ɗan mai unguwa ake tafiya, a yi sallama, matan gida su kintsa, sannan a shiga.

Da ya shiga randa yake fara nufa. Ya buɗe faifan, ya haska, ya ɗebo ruwa da ludayi ya duba. In ya ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, to ruwan nan ya kwana biyu ba a wanke randar ba, domin sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 yake yi in ana zafi. Ka ga hikimar zagayen mako-mako kenan. An auna shi da rayuwar sauro. Daga randa sai masai: akwai murfi ko ƙuda na shiga yana fita? Daga nan sai ya auna da ƙafa tsakanin masai da rijiya. Mu abin da aka koya mana, kada ya gaza mita 30. Yau ku shiga sababbin unguwanninmu, fili ƙafa 50 ne, an raba shi biyu an sayar, rijiyar wannan tana jingine da shaddar maƙwabcinsa, katanga ce kawai tsakani, ruwan ƙasa kuwa bai san katanga ba. Sai yaro ya yi ta zawo a ce haƙori ne, ko a ce mayu.

Daga nan makwarara. Ina ruwan wankanku yake zuwa? In ya kwanta a lungu ya yi kore, za a ba ka takardar gargaɗi da wa'adin kwanaki. In ya dawo ba ka gyara ba, sai sammaci, sai gaban alƙali, sai tara. Tarar ba ta da yawa. Kunyar ce babba, a ce maigida guda, mai gemu, an tsayar da shi a kotu saboda ƙazanta. Wannan kunyar ta yi aikin da allura ba ta yi ba.

Kada in yi muku ƙarya in ce duk waliyyai ne. A'a. Akwai wanda in aka sa masa ƙwai 5 a aljihu, ko 'yar kaza, randar ta zama tsarkakakkiya nan take. Akwai ma wanda ake cewa da tsutsarsa yake tafe a kwalba, in bai ga komai ba ya zuba maka. (dariya) Baba na ga kana gyaɗa kai, an taɓa yi maka kenan. To an yi wannan, kuma shi ya sa mutane da yawa ba su yi kukan ɓacewarsu ba. Amma in likita ɗaya ya ci amana, ai ba rufe asibiti ake yi ba.

Ga mayanka kuma. Tun asuba duba-gari yana can tare da sarkin pawa. Dabba sai an gan ta a tsaye da ƙafarta kafin a yanka. In an feɗe, a duba huhu, a duba hanta, a tsaga kaluluwa. Saniya tana ɗauke da tarin fuka, kuma yana kama mutum, ta nama da ta madarar da ba a tafasa ba. In an ga huhu ya yi ƙuraje, ko hanta ta cika da tsutsa, a yanke wurin a zubar. In abin ya game jiki, duk naman a zuba masa kananzir a binne, mahauci na kuka kana kuka a zuci, don ka san jarinsa ne. A wata ƙaramar hukuma da na yi aiki, ba zan kama suna ba, mun hana sayar da wata saniya, kafin azahar takarda ta zo daga sama cewa a sake ta, mai ita ɗan'uwan wani ne. Muka ce mun riga mun zuba kananzir. Ba mu zuba ba a lokacin, amma kafin ɗan aiken ya juya mun zuba. (dariya da tafi)

Yanzu fa? Ma'aikatan suna nan, kada ku ce babu su. Sunan ya koma jami'an lafiyar muhalli, har majalisar da ke yi musu rajista aka kafa a 2002. Yara ne masu ilimi, wasu sun fi mu karatu nesa ba kusa ba. Amma ka je ofis ka same su a kan benci ƙarƙashin bishiyar maina. Babu babur, babu mai, babu littafin sammaci, kuma in ya kai ƙarar wani, kafin ya dawo ofis an bugo waya. Sai muka mai da tsafta aikin Asabar ɗin ƙarshen wata, abin da ya samo asali daga yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon. A hana mota tafiya, a fito da shara a tara a bakin titi, motar kwasa ba ta zo ba, akuya ta baje, iska ta mayar cikin kwata. Wata mai zuwa a sake fito da ita. Shara ɗaya muke sharewa tun bara.

Kwatar nan dai, kwatar nan. Ƙasarmu rairayi ce, kun sani. Iskar bazara ta cika magudana da yashi, ledar ruwa ta zo ta toshe bakin kwalbati. Aikin na watan Afrilu da Mayu ne, kafin ruwan farko: lebura, shebur, baro, sai tifa ta kwashe abin da aka fitar, don in an bar shi a gefe ruwan farko zai mayar. Kuɗinsa bai kai na taron siyasa ɗaya ba. In ba a yi ba, watan Agusta ruwa ya rasa hanya, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, ta faɗa wa mutane cikin dare, ya shiga masai ya fito ya shiga rijiya. Sai amai da gudawa. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jigawa da Kano da Bauchi suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Allah ya jiƙansu. Sannan ne za ka ga motoci da jiniya an kawo buhun shinkafa da tabarma.

Ba duka ne baƙi ba. A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da yin bayan gida a fili. Abin alfahari ne, kuma gida-gida aka bi, da masu unguwanni da limamai. To amma masai yana cika, yana ruftawa da damina. Wa zai koma bayan shekara 3 ya ga ko an sake haƙawa? Takardar yabo ba ta zagaya unguwa.

Na nawa muke? Na huɗu? A'a, na uku... to ko ma na nawa ne, kasuwa. Ku je Maigatari ranar Alhamis ku ga shanu da raƙuma da tumakin da ke shigowa daga Nijar, da manyan motocin da ke lodi zuwa kudu. Kowace dabba da kuɗinta, kowace rumfa da kuɗinta, kowace mota da kuɗinta. Shawarata ɗaya: in ka biya, karɓi rasit, ka kuma duba ko da lamba a jikinsa. Makaranta da asibiti kuwa, tsarin mulki cewa ya yi ƙaramar hukuma ta sa hannu tare da jiha, kuma albashin malaman firamare daga kasonta ake cirewa tun kafin ya iso. Na tsallake wannan, akwai malamai a nan da suka fi ni sani. Rajistar haihuwa, hukumar ƙidaya ke ba da takardar yanzu, ku kai jariranku. Maƙabarta, ku je ku ga katangar da kanku.

Na'am? Akwai tambaya? A miƙa mata abin magana.

(Wata ɗaliba ta ce: Baba, tunda Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ashe matsalar ba ta ƙare ba?)

Allah ya yi miki albarka, 'yata, kin kai ni na biyar ba tare da na sha wahala ba. Abin da ya faru shi ne, ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya kai gwamnoni 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta. Ta ce kason ƙananan hukumomi a tura musu kai tsaye, ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Kason nan kashi 20.6 cikin 100 ne na abin da ake rabawa, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Da can ta asusun haɗin gwiwar jiha da ƙananan hukumomi yake bi, wanda sashe na 162 ya tanada, kuma a nan ne ake yi masa aski.

Na yi murna da hukuncin. Amma yanke hukunci daban, aiwatarwa daban, kun ga yadda aka yi ta jan ƙafa. Kuma ko kuɗin ya iso gobe da safe, wa ya tsayar da ciyaman takara? Wa ya naɗa hukumar zaɓen jiha da ta ce ya ci? Wanda ya ba ka riga, in ya ce ara min, ba ka hana shi.

Ke dai ga abin da za ki iya. Abin da aka ba kowace ƙaramar hukuma duk wata ana wallafa shi, yana intanet, wayarki ta isa. Ki rubuta na wata 3 a takarda. Ke wace mazaɓa ce? To kin san kansilanku, kin san gidansu, wataƙila ma tare kuka yi Islamiyya da ƙannensa. Ku je ku 5 ko 6, da ladabi, ku gaishe shi, ku ce muna son ganin kasafin kuɗin bana, shafin sashen lafiya da na ayyuka. Ku nemi layin yashe magudana da layin man babur na masu duba tsafta, ku ga nawa aka rubuta. Ku je a watan Maris, kada ku bari sai ruwa ya sauka. In ya ce ba shi da kwafi, ku ce za ku dawo Litinin.

Mai gabatarwa yana nuna min agogo tun ɗazu. Ɗan samarin nan mai hula ja, riƙe tambayarka, ka same ni a waje bayan salla. Wassalamu alaikum.