Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon ɗakin ibada na kankare, a rushe ko a gyara?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan birnin Dabo. Makon jiya na karanto muku wasiƙar wani dattijo daga Sabon Gari amma lokaci ya ƙure ban amsa ba, sai ga shi kafin mako ya zagayo wasu sun rubuto a kanta, toh yau da ita za mu fara.

Ga waɗanda ba su ji ba, Baba ya ce yana cikin kwamitin wani ɗan ƙaramin ɗakin ibada na tsohuwar makarantarsu ta mishan, an gina shi farkon shekarun 1960, kankare zalla, rufin dekin ne shimfiɗaɗɗe, bangon gefe na fansi bulo mai huji-huji, tagogin luba, ƙasa kuma tarazo. Yanzu rufin yana yoyo, kankaren sama yana ɓamɓarowa har ana ganin rodi. Matasan kwamiti sun ce a rushe a tayar da bene a sa tayil da esi, shi da wasu dattawa sun ce a gyara. Tambayarsa ita ce wai irin wannan ginin shi ma ana lissafa shi cikin kayan tarihi, ko kuwa sai ginin ƙasa irin Gidan Makama?

Baba Allah ya ƙara girma, ana lissafa shi mana. Mu nan in akai maganar tarihi hankali yana tafiya ne ga badala da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da marinar Ƙofar Mata, shi kuwa ginin siminti muna masa kallon ɗan jiya, alhali wanda aka gina a 1962 yau ya ba wa shekara sittin baya, ya girmi yawancin masu cewa a rushe shi. Kuma irin wannan salon, wato gini ba ado ba kwalliya, a bar kankare da haske da iska su yi aikin, makaranta ce guda a duniyar zanen gine-gine. Akwai wani ɗan coci a kan tudu a garin Ronchamp da ke gabashin Faransa, sunansa Notre-Dame du Haut, shahararren mai zanen gine-gine Le Corbusier ne ya zana shi aka buɗe a 1955, bayan luguden wuta na yaƙin duniya na biyu ya lalata na da a 1944, har duwatsun tsohon aka kwashe aka sa a bangon sabon. Rufinsa wani ƙaton kankare ne mai lanƙwasa, amma bai zauna kan bango kai tsaye ba, ginshiƙai ne a ɓoye cikin bango suke ɗauke da shi, an bar ɗan tsagi kamar santimita 10 tsakanin rufi da bango, haske yana shigowa ta nan sai ka ga kamar rufin a iska yake. Bangon kudu kuma kauri ne da shi sosai, an huda tagogi manya da ƙanana barkatai. A 2016 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin gadon tarihi na duniya tare da sauran ayyukan mutumin, gine-gine 17 a ƙasashe 7. Lokacin shekararsa 61 kacal, kaga kenan tsaran naku ne Baba.

Ba sai mun je Turai ba ma. A Ibadan akwai ɗakin ibadar 'yan Dominican, wata ƙungiyar limaman Katolika, da Demas Nwoko ya zana a shekarun 1970, mutumin da a Zariya ya karanci zane-zane, ya yi bulonsa da jar ƙasar wurin haɗe da siminti, ya tsara yadda iska za ta riƙa ratsa ginin da kanta. A 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta aikin rayuwa a bikin baje kolin zanen gine-gine na Venice a Italiya, yana da shekara kusan 88.

Toh yanzu ga ainihin maganar, don ni a ganina matsalarku ta ruwa ce kawai. Kankare in ya daɗe iska tana shiga cikinsa a hankali tana cinye kariyar da siminti yake ba wa rodi, da ruwa ya samu hanya sai rodi ya fara tsatsa, ita kuma tsatsa kumbura take ta fi ƙarfen girma, sai ta turo kankaren waje ya tsage ya faɗo, abinda kuke gani a silin ɗinku kenan. Ga kuma yanayin Kano, a bazara rana ta gasa dekin zafi ya haura digiri 40 da dare ya huce, buɗewa da tsukewa kullum har ya yi tsaga, hunturu ya zo ya tara ƙura da leda a bakin bututun ruwa, sannan marka ta sauka a watan Agusta ruwa ya kwanta a saman rufi ya rasa hanyar fita. Sau da yawa in ka hau saman irin waɗannan gine-ginen za ka tarar da indararo a toshe har ciyawa ta fito, wani wurin ma bishiya ce ta tsiro, aikin da yaro ɗaya da tsintsiya da shebur zai yi kafin damina shi aka bari ya zama maganar miliyoyi.

Shawarata, kafin kowa ya ɗaga hannu a taron kwamiti ku samo injiniyan gini, ba ɗan kwangilar da yake jiran aikin sabon bene ba don shi kam amsarsa a shirye take. Ya hau ya duba, ya bi silin da ginshiƙai yana bubbugawa da ƙaramar guduma, inda ya yi ƙara kamar fanko nan kankare ya rabu da rodi. A fasa wurin har bayan rodin, a kankare tsatsar da buroshin ƙarfe, in rodin ya sirance a ƙara masa wani, a shafa maganin tsatsa sannan a cike da kwaɓin da ya dace da kalar tsohon. A gyara gangaren rufin ruwa ya daina kwanciya, a shimfiɗa ledar kwalta. In injiniya ya ce ginshiƙan sun tafi ba za su ɗauka ba, toh rai ya fi gini, wannan ba gardama. Amma yoyo kaɗai ba dalilin rushewa ba ne.

Abinda nake roƙonku kada ku yi shi ne gyaran ganin ido, a lulluɓe bango da tayil, a toshe fansi bulon nan da filasta, a cire luba a sa gilashin alminiyam mai zugewa, a rufe tarazo, a rataya fiyofi a ƙarƙashin dekin mai yoyo. Tayil da fiyofi ɓoye ciwon suke ruwan yana ci gaba da aikinsa a ciki, su kuma hujojin nan ba don ado akai su ba, su ne esin ginin tun lokacin da ba a dogara da wuta ba, ranar da kuka toshe su kun ɗaura wa kanku kuɗin dizal har abada. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sannan a kula, gine-ginen wancan zamanin da yawa akwai asbesto a silin ko rufinsu, ƙurarsa tana illa ga huhu, kada a sa leburori su farfasa shi da guduma haka kawai.

Su ma matasan suna da gaskiyarsu fa, in jama'a sun yi yawa wuri ya yi kaɗan dole a nemi mafita. Ku duba abinda akai a Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar. Tsohon masallacinsu ya lalace kuma ya yi musu kaɗan, sai Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gina sabo babba a gefe da tubalin ƙasa matsattse, tsohon kuma aka gyara shi ya koma ɗakin karatu, aka gama a 2018. In kuna da fili ku yi sabon a gefe, tsohon ya zauna don ƙananan taruka ko karatun yara, don ginin da aka kulle aka daina shiga shi ne yake saurin mutuwa.

Wasiƙa ta biyu daga wani malami a Gwale, gajeriya ce kuma da ɗan zafi. Ya ce garin da badala take zubewa ana yanka ta filoti-filoti, me ya kai mu ɓata lokaci kan coci?

Allah gafarta Malam, zafinka kan badala nima ina da shi, tun 2007 take cikin jerin jiran UNESCO, kuma muna gani aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi aka sake ta da siminti. Amma ciwon da Baba ya kwatanta shi ne dai yake cin masallatan unguwanni da makarantu da asibitoci da ofisoshin da aka gina zamanin su Audu Bako, duk rodi ɗaya siminti ɗaya, wanda ya koyi gyaran wancan ya koyi na wannan. Kuma ilimin gini ya daɗe yana tsallaka katanga. Cocin St. Bartholomew da ke Wusasa a Zariya, na 1929, ginin ƙasa ne irin namu na Hausa, in ka gan shi ka ga hannun maginan ƙasar nan. Shi kansa Le Corbusier ya je kwarin Mzab a Aljeriya a farkon shekarun 1930 ya yi ta zana gidaje da masallatan wurin, kuma masana da dama suna danganta farin bangon Ronchamp mai kauri da ƙananan tagoginsa da masallacin Sidi Brahim da ke can El Atteuf. Baba maƙwabcinmu ne, a Kano yake, ya tambayi yadda zai hana rufi faɗo wa yara a ka, ai amsa masa haƙƙin maƙwabtaka ne Malam.

Sai wata ɗaliba mai karatun zanen gine-gine, ta rubuto daga Rijiyar Zaki, tana tambaya ta yaya unguwa za ta yi bikin gine-ginenta ba tare da jiran gwamnati ba.

Yawwa ƙanwata, wannan tambayar ta min daɗi. A Jenne ta ƙasar Mali duk shekara gari guda ne yake fitowa yaɓen babban masallacinsu, mata na ɗebo ruwa samari na hawa da kwandunan laka ana kiɗa ana tsere tsakanin unguwanni, gyaran shi ne bikin. Mu ma ai da haka muke, kafin damina kowane gida sai an yi yaɓe an duba indararo, zuwan siminti ne yasa muka ɗauka an gama da wannan wahalar. A Landan tun 1992 suke ware ranaku a buɗe gine-gine kyauta kowa ya shiga ya gani a yi masa bayani, Legas ma sun ɗauka. Ke da 'yan ajinku ba sai kun jira kowa ba, ku zaɓi layi ɗaya, ko Fagge ko Sabon Gari ko wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ku fara gaida mai unguwa ku nemi izinin masu wuri, ku ɗau hoto ku auna ku zana, ku zauna da tsofaffin birkiloli da kafintocin da sukai aikin tun suna da rai ku naɗi muryarsu a waya, don takardun zanen yawancin gine-ginen nan ba lallai a same su ba, abinda ya rage yana kan waɗannan dattawan. Sannan ku sa rana, ga 18 ga Afrilu ranar wuraren tarihi ta duniya, ga Litinin ɗin farko ta Oktoba ranar zanen gine-gine, ku zagaya da 'yan firamare a ƙafa, ku liƙa hotunan da da na yanzu a zauren mai unguwa ko harabar makaranta, ku zuba sauran a Facebook, za ki sha mamakin masu cewa nan aka ɗaura auren iyayena, nan na yi aji ɗaya. Kwafi ɗaya ku kai wa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a Gidan Makama, ɗaya kuma hukumar tarihi da al'adu ta jiha a Gidan Ɗan Hausa. In wurin ibada ne, masallaci ko coci, a kiyaye lokutan ibada da ƙa'idar shiga, abinda masu wuri suka ce kar a ɗauka a hoto a bar shi.

Ta ƙarshe daga wani birkila a Kurna, ya ce maigidan da yake wa aiki yana so a shafe wani tsohon bangon kankare da fentin mai don ya yi ƙyalli, ya shafa ko kar ya shafa? Malam birkila in dai tun asali haka aka bar bangon tsirara har ana ganin sawun katakon da aka zuba kankaren a ciki, toh da gangan akai, a wanke shi da ruwa da buroshi mai laushi ya isa. Fentin mai yana kulle danshi a ciki, bayan damina biyu zai fara kumbura yana saɓulewa, kuma kai za a kira a ce aikinka ne bai yi kyau ba. In ya dage sai an shafa wani abu, akwai maganin hana ruwa marar kala da yake barin bango ya yi numfashi, ka sa ya sayo wannan.

Mai kula da na'ura yana ta min alama da hannu, sauran wasiƙun har da ta Hajiyar da ta yi tambaya kan gara a azara sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba na Sabon Gari, in injiniyan ya duba a rubuto mana abinda ya ce. A huta lafiya.