Saran Bishiyar Kirsimeti a Dajin Gwamnatin Amurka

Jama'a, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya taso yana ganin malamin daji na ƙwace gatarin masu saran itace, abin da zan faɗa zai ba shi mamaki. A Amurka, hukumar gandun daji ta tarayya, wadda aka kafa a 1905, ita da kanta take sayar wa mutane takardar izinin shiga daji su saro bishiyar Kirsimeti. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, galibi dala 5 zuwa 20, kuma tun 2020 ana iya yankar takardar ta intanet. 'Yan aji huɗu na firamare ma kyauta ake ba su.

To, me ya kawo haka? Shekara da shekaru suna kashe kowace gobara da ta tashi, har ƙananan bishiyoyi suka cunkushe dazuzzukan yammacin ƙasar. Idan wuta ta kama, su ne take bi ta hau kan manya. Rage su gyara ne, kamar yadda manomi ke rage gero idan ya tsiro da yawa a rami ɗaya.

Amma fa ba a ce ka shiga ka yi ɓarna ba. Kowane daji da ƙa'idarsa, sai dai a mafi yawansu kaurin gindin kada ya wuce inci 6, tsawon kututturen da za ka bari shi ma haka. An hana ka hau babbar bishiya ka guntule kanta don ya fi kyan gani, ka bar saura ya lalace. A ganina wannan ce dokar da ta fi ma'ana. Bakin titi da wuraren kwanan masu yawon shaƙatawa, ba a taɓawa.

Rassa kuwa sana'a ce sosai. A jihohin Minesota da Washinton da Oregon, mutane na yanko koren reshe su kai wa masu saƙa zoben ganyen da ake ratayawa a ƙofa, ana auna musu a sikeli. Sai sanyi ya kankama suke shiga daji, domin reshen da aka yanka da wuri ganyensa zubewa yake tun kafin biki. Gwanin aikin daga ƙasa yake ɗiba, kuma ba ya yanke reshe har gindi. Yakan bar tsanwa a jiki don ya sake toho, sannan a ƙyale bishiyar ta huta wasu shekaru kafin a dawo mata.