Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi na Jihar Jigawa, daga Shugaban Kwamitin Kula da Makarantar Firamaren Garinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Kwamishinan Ilimi da 'yan tawagarsa, mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, Shugaban ƙaramar hukuma, Sakataren ilimi, Dagaci da masu unguwanni, Allah gafarta Malam Liman, Arɗo da jama'arsa, iyayenmu mata da ke zaune can gindin darbejiya, malamai da ɗalibai, assalamu alaikum warahmatullah.

A madadin kwamitin kula da wannan makaranta da mutanen garin nan da rugagen da ke kewaye da mu, ina yi maka barka da zuwa, ranka ya daɗe. Sannu da hanya. Mun san inda kwalta ta ƙare, mun kuma san yadda damina ta bar ragowar. Da ka so, da ka yi zamanka a Dutse a kai maka rahoto a takarda, amma ka tako da ƙafarka har bakin kogin Haɗeja. Allah ya saka da alheri. Hausawa na cewa ba baƙo ruwa ka sha labari. Ruwa kam mun kawo, sai dai muna neman afuwa, yau mu ne za mu fara ba da labarin.

Godiya ce a gaba. Mun gode da malaman da aka turo mana ta shirin J-Teach, mun gode da tsayuwar jiharmu kan karatun 'ya'ya mata kyauta. Ba mu manta ba cewa tun 2007 Jigawa ta fara biyan masu buƙata ta musamman Naira 7,000 duk wata, lokacin da irin wannan bai zama ruwan dare ba a ƙasar nan. Wanda ya taɓa ganin haka daga gwamnatinsa, ba zai ji nauyin kawo mata kukansa ba.

Ranka ya daɗe, ana yawan faɗa a rediyo cewa mutanen karkara ba sa son boko. Ni ɗan garin nan ne, kuma aikin kwamitinmu ne bin gida-gida neman yaran da suka daina zuwa. Abin da muke tararwa a zaure ba ƙiyayya ba ce, rashi ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma tilas, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, har ta tanadi tara da ɗauri ga uban da ya ƙi. Gaskiya ne ba a karɓar kuɗin makaranta a nan. Amma akwai yunifom, akwai takalmi, littafin rubutu, fensir, sabulun wanki. Sama da duk wannan akwai aikin da yaron zai yi wa gidansu da bai zo aji ba. Wannan shi ne kuɗin makarantar talaka, kuma kullum yake biya.

In ka buɗe rajistar kiran suna, za ka iya karanta kalandar noman garin nan a cikinta. Da shinkafa ta fara fitar da kai, tsuntsun jan-baki ya sauko, ajin maza sai ya rame. Tun asuba yaro ɗan shekara tara yana tsaye a kan kunya, ƙafarsa cikin taɓo, hannu ɗaya riƙe da igiyar da aka jera wa gwangwanaye, ɗayan da majajjawa, yana ihu har muryarsa ta dushe. Ba zai bar wurin ba sai rana ta faɗi, don tsuntsun nan in ya samu sakaci na yini guda, abincin gidan na shekara ya tafi. Ubansa ba shi da kuɗin ɗaukar ɗan ƙwadago. Wane malami ne zai iya duban idon uban nan ya ce masa ya zaɓi aji? Bayan shinkafa ga yankan riɗi, ga ɓarar zoɓo. Kafin yaron ya dawo an wuce shi da darasi, an yi jarrabawa, ya ji kunya, ya zauna. Shekara biyu nan gaba sai ka ji ya bi yayyensa cirani Kano ko Legas.

Na 'ya'ya mata ya fi ci mini rai, kuma a gaban iyayensu mata nake faɗa, su ne shaiduna. Uwa tana cikin gida tana soya awara ko ƙuli-ƙuli, tana dama kunu, 'yarta ce ƙafarta zuwa kasuwa. Da ribar tallar nan ake cefane ranar da maigida ya fita bai samo ba, da ita ake zubin adashe, da ita ake tara kwanuka da katifa na kayan ɗaki, don kada a yi wa yarinya gori a gidan miji. In muka je roƙo, tambayar da suke yi mana ɗaya ce: in ta tafi makaranta, wa zai ɗauki farantin? Tambaya ce ta gaskiya, kuma wa'azi kaɗai ba ya amsa ta. Wadda ta daure ta kai aji shida kuma, ƙaramar sakandare tana wani gari, hanyar ta ratsa gonaki da fadama. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 nan take, daga baya ta wuce 1,000, kuɗin acaɓa ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Uba ba zai saki budurwar 'yarsa ta taka wannan hanya ita kaɗai ba. Nan karatu ke tsayawa, maganar aure ta taso.

Alƙaluman gwamnati ma sun san da mu. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna ƙasa da ma'aunin talauci, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne. Na 2022, wanda ya haɗa har da karatu da lafiya da ruwan sha, ya ƙirga 'yan Najeriya miliyan 133 cikin talauci. A daminar 2022 ɗin ce kuma ambaliya ta cinye gonaki da gidajen ƙasa a yankin nan, azuzuwan nan da kake gani suka zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Alamar ruwan tana nan a jikin bango, za mu nuna maka.

Mun ga abin da ya taɓa yin aiki, da idonmu. Lokacin shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, na aji ɗaya zuwa uku, kan Naira 70 kowane yaro, ba mu sha wahalar bin gida-gida ba. Yara da kansu suke sammako, kowa da ɗan kwanonsa a cikin leda tare da littafi. Shirin yana da nakasunsa: kuɗin ya yi kaɗan, ba kullum abincin ke zuwa ba, 'yan aji huɗu zuwa shida kuma sai dai su tsaya a taga suna jiran ƙannensu su rage musu. Duk da haka uwa ta san an ɗauke mata ciyarwa ɗaya a yini, sai ta haƙura da tallar safe. Da gwamnatin tarayya ta dakatar da shirye-shiryenta na tallafi, har da ciyarwar, a farkon 2024, benci ya sake yin fili. Babban roƙonmu ke nan, ranka ya daɗe: jiha ta ɗauki ciyarwar nan a matsayin nata, ta kai ta har aji shida, a sayi shinkafa da wake a hannun manomanmu, matan garin nan su dafa. Kuɗin zai zaga a cikin gidajen da yaran suka fito.

Game da tallafin kuɗi da ake turawa ta waya da asusun banki, wanda ya fi kowa buƙata a garin nan shi ne marar waya, marar asusu, marar lambar shaidar ɗan ƙasa. Muna roƙon a kawo masu rajista har nan, a karanta sunayen waɗanda aka zaɓa a bainar jama'a a ƙofar Dagaci, a miƙa kuɗin hannun uwa, a ɗaura shi da zuwan 'yarta aji. Mun san junanmu. Ba wanda zai iya shigar da sunan mai shago a madadin gwauruwa mai marayu a gaban idon kowa.

Muna kuma neman ƙaramar sakandare a nan kusa, a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa, da malamai mata ko da biyu ne, da makewayi na 'yan mata daban. Makarantun allo kuwa gadonmu ne, duk wanda ke zaune a nan da allo ya fara. Yanzu da aka kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023, muna fatan a zauna da alarammominmu cikin girmamawa, a tallafa musu su riƙe yaran a gida, don yawanci sai rumbu ya yi ƙasa uba ke tura ƙaramin ɗansa gabas.

Mu ma ba mu naɗe hannu ba. Dagaci ya ba makaranta gona, za mu nome ta da gayya, amfanin ya tafi ga yunifom da littattafan marayu. Malam Liman ya amince zai riƙa tunatarwa a huɗuba lokacin fitar da zakkar hatsi. Matasanmu masu takardar shaidar malanta ta NCE da ke zaune ba aiki sun yi alkawarin darasin yamma ga yaran da korar tsuntsu ta raba da aji, in an taimaka musu da alli da ɗan abin sabulu.

Ga buƙatun namu a rubuce, da sa hannun kwamiti da na shugabar ƙungiyar iyaye mata, Hedimasta zai miƙa maka. Ga kuma 'yar tsaraba ta shinkafar fadamarmu da bandar kifi, a kai wa iyali. Bayan jawabinka, muna roƙon ka ba mu minti kaɗan mu zaga da kai azuzuwa kafin a tashi yara. Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum warahmatullah.